Yadda za ka zaɓi rautar gida mai sauƙin kuɗi a Kano, ka kuma sa ta yi gudu

Yawancin masu neman rauta, wato na'urar da take raba intanet a gida ta Wi-Fi, daga kasuwa suke farawa. Mutum ya shiga Farm Center ko Titin Beirut, ya ce a ba shi "mai ƙarfi", mai shago ya ɗauko wadda ta fi yawan eriya, a yi ciniki, a kai gida, sannan a tarar bidiyo yana ta juyi kamar yadda yake yi a waya. Rauta ba ta ƙirƙirar sabis. Famfo ce kawai: abin da bututu ya kawo shi take rabawa, in kuwa bututun a bushe yake, ko famfon zinare ka ɗaura ba za ka ga ɗigo ba. Saboda haka aikin daga gidanka yake farawa, kasuwa daga baya.

Fara da gwada sabis a inda kake kwana

A Kano ba a cewa wane layi ne ya fi a gari gaba ɗaya. Layin da yake gudu a Nassarawa ko Bompai yana iya zama jan ƙafa a Dorayi, wanda ya fi a Kurna kuma ba lallai ya yi abin kirki a Naibawa ba. Kai, ko a layi ɗaya na unguwa, gidan da yake kallon turken sabis da wanda bene ya tare ba ɗaya suke ba. Don haka shaidar abokinka na Hotoro ba hujja ba ce gare ka a Rijiyar Zaki.

Tara wayoyin gida masu layuka daban-daban, MTN, Airtel, Glo, T2 (wadda a da ake kira 9mobile), in babu wani a ciki ka aro na maƙwabci. Buɗe fast.com ko manhajar Speedtest a kowace. Gwada a falo, a bakin kowace taga, a tsakar gida, da saman bene in akwai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokaci: ka gwada da sassafe, ka sake gwadawa bayan isha'i, tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau TikTok da YouTube. Adadin daren nan shi ne gaskiyar layin. Layin da ya ba ka 40 Mbps (ma'aunin gudun intanet ke nan) bayan asuba ya koma 2 da dare ba abokin tafiya ba ne. Gara wanda ya tsaya a 12 safe da yamma. Gwajin kansa yana cin data, musamman in layin na da gudu, kada ka yi ta dannawa babu dalili.

Nawa ne ya isa? Bidiyo ɗaya mai kyan hoto yana son kusan 5 Mbps. Gida mai mutum biyar ko shida yana zama lafiya da 15 zuwa 20 matuƙar ba ya yankewa. Ka kuma duba adadi na biyu, wato gudun tura abu. Hajiyar da take sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram, da ɗalibin da yake shiga aji ta Zoom, wannan adadin ne ya fi shafar su, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi.

Wace iri ce taka?

Iri uku ne a kasuwa, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi.

Akwai ƙaramar ta aljihu, MiFi, mai batir a jikinta. Ta dace da gwauro, ko ɗalibin da yake yawo tsakanin BUK da gida. Wi-Fi ɗinta bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba, kuma in aka bar ta a caji dare da rana a zafin Kano batirin kumbura yake yi. Ba na ba magidanci shawarar ya ɗora gidansa a kanta.

Akwai ta ajiyewa mai ramin saka layi. Ita ce ta dace da mafi yawan gidaje a nan. Eriyarta ta fi girma, tana ɗaukar na'urori da yawa, tana da ramukan waya a baya.

Sai kuma wadda ba ta da ramin layi sam, irin su TP-Link TL-WR840N ko Archer C6. Waɗannan sai an jona musu intanet ta waya, daga kamfanin faiba, ko faranti a saman rufi, ko wata rautar. Arha ce da su, shi ya sa wasu suke ɗauka da murna, sai an je gida a yi ta juya ta ana neman inda za a zura layi. Kafin ka miƙa kuɗi ka ce a nuna maka ramin da idonka. Amma ka riƙe su a zuciya, suna da amfani nan gaba.

Maganar 5G: MTN ta fara a 2022 kuma Kano na cikin biranen farko, Airtel ta biyo baya a 2023. Sai dai sabis ɗin unguwa-unguwa ne, kuma ba ya ratsa bango kamar 4G. In ba ka ga wayar wani ta kama 5G a cikin gidanka ta kuma riƙe shi ba, kada ka biya kuɗin rautarsa. Starlink, wadda ta shigo Najeriya a farkon 2023, tana aiki, amma kuɗin kayanta da na wata da wutar da take ci sun fitar da ita daga sahun masu sauƙi, sai dai in gidaje ko shaguna za su yi karo-karo.

Saura tambaya ɗaya: ta kamfani ko buɗaɗɗiya? Wadda kamfanin layi yake sayarwa ta fi arha, sau da yawa tana zuwa da kyautar data, amma layinsu kaɗai take karɓa. Buɗaɗɗiya ta fi tsada, tana cin kowane layi. In gwajinka ya nuna layi ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, sayi ta kamfanin ka huta. In biyu ne suke kai-komo, ko kuma gidan haya kake kana iya tashi baɗi, ƙara kuɗi ka sayi buɗaɗɗiya. Masu gyara suna buɗe na kamfani, amma garanti ya tafi ke nan, kuma wani lokaci tana buɗuwa ta ƙi kama 4G na ɗaya layin saboda ba a ƙera ta da zangonsa ba, wato mitar da layin yake watsa sabis a kai. Layin da za ka saka kuma ya zama da sunanka da NIN ɗinka aka yi masa rajista. Wanda aka haɗo da sunan wani ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana.

Abin da za ka karanta a jikin kwali

Manta da yawan eriya da babban rubutun "300Mbps". Wannan adadin gudun da ke tsakanin rauta da wayarka ne a yanayi mafi kyau, ba gudun intanet ba. Ga abin dubawa.

Zangon 4G. Za ka ga an jera B1, B3, B7 da sauransu. Don Najeriya ka tabbata akwai B3, B7, B20 da B28. B3 kusan kowa yana amfani da shi, MTN tana da B7 da B20, Glo kuma an san ta da B28. Ƙananan zanguna, wato 700 da 800 MHz na B28 da B20, su ne suke tafiya nesa su ratsa gini. B7 mai 2600 ya fi gudu amma yana son kusa da turke. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka sau da yawa ba su da waɗannan, komai kyansu.

Ajin na'urar. Cat 4 iyakarta 150 Mbps a takarda, zango ɗaya take kamawa a lokaci guda. Cat 6 tana kai 300, kuma tana iya haɗa zango biyu lokaci ɗaya. Wannan haɗawar ce take da amfani, domin da dare in zango ɗaya ya cika tana samun sauƙi ta ɗayan. TL-MR6400 da Huawei B310 'yan Cat 4 ne, Archer MR600 kuma Cat 6. A ganina, in bambancin kuɗin bai fi ƙarfinka ba, nan ne wurin da ya cancanci ƙari. In ya fi, Cat 4 da aka ajiye a wurin da ya dace ta fi Cat 6 da aka cusa bayan talabijin.

Wi-Fi mai hanya biyu, 2.4 da 5 GHz. A unguwa mai cunkoso irin Fagge ko Gyadi-Gyadi, inda wayarka take nuna sunayen Wi-Fi goma sha, 2.4 a cushe take, 5 GHz kuwa fili ce.

Ramukan eriyar waje, guda biyu a baya, wani lokaci a ƙarƙashin murfi. Ko ba ka buƙata yau, su ne mafitarka in aka gina bene a gabanka. Sannan wutar da take sha: mai 12V ta fi sauƙin samar wa batir.

A shago, zagaya wuri uku kafin ka taya, farashin kayan nan yana bin dala. Ka je da layinka, a kunna a gabanka, ka ga ta kama 4G ka buɗe shafi da ita. Lambar IMEI da ke sitikar ƙasanta ta zo daidai da ta kwali. Cajar ta zama tata ta asali. Karɓi rasit, ku kuma yi magana a fili cewa in ba ta yi a gidanka ba za ka dawo da ita a canza. Ta hannu ba laifi ba ce, rauta ba ta cika tsufa da wuri ba. Danna ɗan ramin reset da tsinke a mayar da ita sabuwa, ka tabbata kana iya shiga shafin saitinta.

Inda za ka ajiye ta

Nan ne rabin gudun yake, kuma kyauta ne. Rauta mai layi aiki biyu take yi lokaci guda: tana sauraron turken kamfani a waje, tana kuma watsa Wi-Fi a cikin gida. Na farko yana son bakin taga, na biyu yana son tsakiyar gida, kuma gine-ginenmu ba sa taimakawa. Gidan ƙasa na cikin birni, irin na Yakasai ko Dala, kaurin bangonsa yana shanye sigina. Gidan bulo mai rufin kankare yana da rodi a ciki, shi ya sa ta ƙasa ba ta kai wa sama. Kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, firji, babban madubi da tankin ruwa duk suna tarewa ko su mayar da sigina baya.

Kada ka dogara da sandunan da ke fuskar rautar, ba su da ƙididdiga. Haɗa wayarka da ita, buɗe burauza, rubuta adireshin da ke sitikar ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. A shafin bayanin na'ura nemi adadi biyu. RSRP shi ne ƙarfin sigina, kuma da alamar ragi yake zuwa: -80 ya yi kyau ƙwarai, -90 lafiya lau, -100 an fara rauni, -110 kuwa wahala ce. SINR shi ne tsabtar siginar: sama da 20 madalla, 13 zuwa 20 mai kyau, in ya kusa sifili akwai hayaniya da yawa. In ka rasa wanda za ka bi, bi SINR. Sigina mai tsabta ko da rauni ta fi mai ƙarfi da ke cike da hayaniya.

Yanzu nemo doguwar wayar wuta ka yi yawo da rautar. Kowace taga ka ajiye ta, ka jira minti ɗaya, ka sabunta shafin, ka rubuta adadin. Ɗaga ta sama, kan kabad ko wani ɗan katako da kafinta zai kafa maka kusa da silin. Juya fuskarta kaɗan-kaɗan. Matsar da ita taku biyu kawai yana iya canza lissafi. Ba a ajiye ta a ƙasa, ba a sa ta cikin durowa don tsoron yara, ba a kuma rufe ta da ƙyalle don ƙura.

To in wurin da sabis ya fi kyau shagon samari ne a zaure, su kuma iyali suna can ƙuryar gida fa? Nan waccan mai arha mara layi take shigowa. Bar babbar a inda sabis yake, ja wayar intanet Cat5e ko Cat6 daga raminta na baya zuwa ɗaya sashen, jona ƙaramar, ka sa ta a tsarin Access Point. Wayar nan tana tafiya har mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Gida mai sassa biyu ko uku, na uwargida da na amarya da na baƙi, wannan ce hanyar da ta fi arha da inganci. 'Yar na'urar nan da ake cusawa a soket don ƙara nisan Wi-Fi tana rage gudu kusan rabi, domin da baki ɗaya take karɓa take kuma mayarwa. In dole sai ita, a tsakiyar hanya ake sa ta, inda sigina take da sauran ƙarfi, ba a ɗakin da babu komai ba.

In duk tagogin gida sun gaza -105, sai eriyar waje. A ɗaura ta a bututun ƙarfe sama da rufi, a juya ta tana kallon turke, mutum ɗaya a sama yana juyawa, ɗaya a ƙasa yana karanta adadi. Wayarta ta zama gajera, domin kowace mita tana cin sigina, kuma ka tabbata bakinta irin na rautarka ne, SMA ko TS9. Da damina in hadari ya taso da tsawa, cire ta.

Saiti na minti goma

Canza kalmar sirri biyu: ta Wi-Fi, da ta shiga shafin saiti, wadda sau da yawa "admin" ce kawai, kowane yaro ya sani. Tsaro ya zama WPA2 ko WPA3. Kashe WPS. In tana da hanya biyu, ba su suna daban: talabijin da kwamfuta da wayoyin da ke kusa su hau 5 GHz, na nesa su zauna a 2.4, domin ita ta fi ratsa bango. A 2.4 ɗin, tasha 1, 6 da 11 ne kaɗai ba sa hawa kan juna. Manhajar WiFi Analyzer za ta nuna maka wadda maƙwabta suka fi bari, ka zaɓe ta, faɗin tashar kuma ka bar shi a 20 MHz. Sa rautar a 4G kaɗai don kada ta riƙa zamewa 3G. Wasu suna ba da damar kulle zango ɗaya. Gwada kowanne da dare, wani lokaci mai raunin sigina ya fi gudu saboda ba kowa a kansa. In akwai sabunta manhaja ka yi, amma a lokacin da ka tabbata wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba.

Ina data take tafiya?

Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, wannan tambayar ta fi ta gudu zafi. Abin da mutane ba su lura da shi ba: waya in ta ga Wi-Fi ɗauka take kyauta ce. Nan take za ta fara sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna da bidiyon biki ta tura Google Photos, WhatsApp ya sauke duk abin da aka zuba a guruf. Waya takwas su yi haka a dare ɗaya, da safe a ce kamfani ya yi sata. Bi kowace waya ka kashe sabuntawa da saukewa na kai-tsaye. A Android da Windows akwai inda ake nuna cewa wannan Wi-Fi na awo ne, metered, ka kunna shi. Bidiyo shi ne babban maciyi: Netflix da kanta ta ce babban hoto yana iya cin 3GB a awa ɗaya. A fuskar waya 480p ya wadatar, a talabijin 720p.

Sai maƙwabta. Hana kalmar sirri a Kano abu ne mai nauyi, kuma ko ka ba mutum ɗaya, wayoyin yanzu suna fitar da ita a hoton QR, kafin sati majalisar ƙofar gida duk ta hau. Mafita ba faɗa ba ce. Buɗe Wi-Fi na baƙi, Guest Network, da kalmarsa daban, ka rage masa gudu in rautar ta yarda, ka riƙa canza ta lokaci-lokaci. Ta gida kuma kai za ka riƙa shigar wa mutane da hannunka. Leƙa jerin na'urorin da ke kai sau ɗaya a mako, wanda ba ka gane ba ka toshe shi.

Tsarin datar da ake cewa ba ta ƙarewa kuma, karanta ƙananan rubutun. Galibi akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu, wani kuma tun farko an ƙayyade gudunsa. In rautarka ta yi sanyi kwatsam a ƙarshen wata, duba nan kafin ka zarge ta.

Wuta, zafi da ƙura

Rautar da take mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba ta da amfani ko da Cat nawa ce. Sa'a ita ce ba ta da ci, yawanci wat 5 zuwa 12. Ƙaramin batirin rauta da ake kira mini UPS ya isa: mai 10,000mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 37, wato rauta mai cin wat 7 za ta yi kusan awa biyar. Yana kuma hana ta mutuwa ta sake tashi yayin da ake sauyawa daga wutar KEDCO zuwa inji. Mai fawa bank zai iya sayen wayar USB mai ɗaga 5V zuwa 12V. Ko wanne ka zaɓa, karanta abin da aka rubuta a cajar asali ka bi shi daidai. 12V a na'urar 9V ko 5V ƙonewa ce. Mai sola ko inbata ya sa ta a layin da ba a kashewa.

A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, rautar da ke shan rana a bakin taga za ta rage gudu ko ta riƙa kashe kanta. Taga eh, amma a inuwa, da sarari a ƙasanta don iska. Da hunturu ƙura tana toshe ƙofofin iskarta. Busasshen buroshi ya wadatar.

Ranar da ta yi nauyi, kada ka fara da kiran mai shago. Kashe ta ka kunna. Tsaya kusa da ita ka gwada gudu: in a kusa lafiya, a ɗaki ne babu, matsalar Wi-Fi ce, koma maganar wuri da waya. In a kusa ma babu, duba ragowar data, duba yawan waɗanda ke kai, duba RSRP da SINR ko sun sauka daga yadda ka rubuta ranar farko. In duk suna nan daidai, cire layin ka sa a waya. Ita ma in ta yi nauyi, daga kamfani ne. Kira su, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana, in ba su gyara ba ka kira 622, layin kyauta na hukumar sadarwa ta NCC, ka ba su wannan lambar.